Jan fenti da zurfin ruwa: daga teburin mai haɗa kifin roba

Duk wanda ya zo min yana son kifin roba na fatsa, wato ɗan kifin bogi da ake sa wa ƙugiya don a yaudari na gaske, kafin mu kai ga maganar kala sai na yi masa tambaya biyu, mita nawa abin zai nutse, sannan ruwan da zai jefa garau ne ko gurɓatacce. Wasu har haushi suke ji wlh, mutum ya riga ya hango wani ja jawur a hoto ya ƙwallafa rai, sai ya ce min malam kai dai ba ni wancan jan, ina ruwanka da inda zan jefa. To da ruwana mana, tunda sunana ne a jiki, gobe in bai kama komai ba cewa zai yi kayana ba kyau.

Hasken rana da muke gani fari kaloli ne a haɗe, kuma ruwa ba lokaci ɗaya yake shanye su ba, bi da bi yake yi. Ja shi ne na farko da ke tafiya, a ruwa mai tsabta sosai kana kaiwa wajen mita 5 ya fara mutuwa, ya koma wani ruwan ƙasa-ƙasa, can gaba ya zama baƙi-baƙi. Ruwan lemo yana jurewa zuwa wajen mita 10, rawaya ta kai wajen 20, kore ya wuce nan, shuɗi kuma shi ne ɗan autan da ke ragewa a can ƙasa, shi ya sa teku mai zurfi ke zama shuɗi. Masu nutso da tukunyar iska sun san wannan, in mutum ya yanke a can ƙasa jinin kore-kore yake fitowa a ido. Kuma abin da mutane ke mantawa, ba sauka kawai ake lissafawa ba. Hasken zai sauko ya daki kifin roban, sannan ya sake tafiya daga jikinsa zuwa idon kifin gaske, to in abinka yana mita 3 kifin kuma yana mita 3 daga gefe, tafiyar mita 6 kenan jan ya yi a cikin ruwa.

Amma fa wannan lissafin na ruwa garau ne. Ruwan da gansakuka ta cika, kore da rawaya su suka fi ratsawa, shuɗin ya mutu da wuri. Ruwan da ganye ya ruɓe a ciki ya koma kalar shayi, ko na laka bayan an yi ruwan sama, nan abin juyewa yake, shuɗi ne ke fara ɓacewa, ruwan lemo da ja su fi daɗewa, sai dai gaba ɗaya hasken bai wuce 'yan taku ba. Don haka mai cewa shuɗi ne na zurfi ko ina ko yaushe, a littafi ya tsaya.

Maigidana da ya koya min aikin nan, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zaunar da ni ya yi min bayanin haske ba. Wani dogon katako gare shi da ya yi wa zane-zanen fenti, ja, lemo, rawaya, kore, shuɗi, fari, baƙi, ya ɗaura masa dalma da igiya, sai ya sa ni in kwanta a bakin kwalekwale in leƙa ta wani bokiti da aka sa wa gilashi a gindi, shi yana sassauta igiyar a hankali yana cewa faɗa min wanda ya ɓace. Ina kallo jan ya dusashe kamar wutar da ake rage wa lagwani, farin kuma yana nan yana haskawa har igiyar ta kusa ƙarewa. In na yi shiru sai ya ce yaro bakinka ya mutu ne, me ka gani. Yanzu ƙaramar kyamara nake ɗaura wa irin katakon nan, duk sabon fentin da zan fara amfani da shi sai ya sha wannan wankan tukuna.

Su kansu kifayen idonsu ba ɗaya ba ne. Da yawansu na ganin kala sarai, musamman masu zama sama-sama inda haske yake, wasu ma suna ganin hasken UV wanda mu ba ma iya gani. Giwan ruwa in ka haska idonta da tocila za ka ga yana ƙyalli, akwai wani shimfiɗi a bayan idon da ke maido da haske, shi ke ba ta damar farauta a duhu-duhu, kuma a irin wannan duhun siffa da bambancin haske take bi fiye da kala. Tarwaɗa kuwa ba ta damu da fentinka ba, gashin bakinta da ƙamshi take aiki da su. Sannan kusan duk kifi yana da wani layi a gefen jiki tun daga kai har wutsiya da yake jin motsin ruwa da shi, kafin ya ga abinka ya riga ya ji zuwansa.

Inda gwaninta take shi ne wajen fenti mai ɗaukar ido, wato fuloresen. Shi wannan yana shan hasken shuɗi da UV da suka kai ƙasa ya mayar da su kalarsa, shi ya sa lemon fuloresen yake nan da ransa a zurfin da lemo na gama-gari ya daɗe da zama toka. Amma ba ya yin kyau sai a kan fari tas. Ni da katako nake sassaƙa nawa duk da sunan roba da ake kiransa, sai na goge shi da samfefa mai laushi har ya yi santsi, in toshe shi kada ya sha ruwa, in fesa fari ya bushe, in ƙara wani farin, sannan in bi da kalar siriri-siriri da injin feshi, gadon bayan ya yi duhu, tumbin ya yi haske yadda Allah ya halicci ƙananan kifi. Sai efoksi a sama, wato wani ruwan gam garau da ke daskarewa ya kare fentin, ina juya shi a kan ƙaramin injin har ya daskare don kada ya taru gefe guda ya ɓata nauyi. Masu kwaikwayon kayana kuwa fentin banza suke shafawa kai tsaye a kan roba, su rubuta fuloresen a leda. Ka haska musu fitilar UV ka ga ikon Allah, nawa ya kama kamar an kunna, nasu shiru. Har zanen idon da nake yi sun kwafa, abin da ke ƙarƙashin fentin ne ba su san da shi ba.

Baƙi kuma mutane sun raina shi, a teburina shi ne ke daɗewa ba a saya ba, alhali da magariba ko da dare ko a ruwan laka yana cikin waɗanda suka fi aiki. Kifin da ke farauta sau da yawa daga ƙasa yake kallon sama, sararin sama ya fi ruwa haske ko da dare ne, to baƙin abu shi ke fita ɓaro-ɓaro. Ruwan azurfa na rana ne da ruwa mai tsabta, yana walƙiya irin ta ɓawon kifi, ruwan gwal kuma na fi ba masu ruwa kalar shayi. Masu sauka can ƙasa sosai ina sa musu ɗigon hoda mai ci da haske ta riƙa fitarwa a duhu, kaɗan fa, a tumbi ko kusa da ido, in ka malala ta ko ina wani lokacin sai kifin ya ja baya.

Kuma duk wannan surutun na kala, in abin bai iya iyo ba aikin banza ne. Lauri Rapala, masuncin nan na ƙasar Finlan, a 1936 ya sassaƙa nasa na farko da ɓawon itace mai sauƙi, ya naɗe da takardar gwangwani mai ƙyalli, abin da ya sa ya yi suna shi ne yadda yake karkaɗawa irin ta kifi mai rauni. Ni ma babu wanda ke barin hannuna sai na ja shi a tanki, in ya karkata hagu in ɗan lanƙwasa zoben hancin da ake ɗaura zare a jiki, in sake ja, har sai ya miƙe yana kaɗa wutsiya daidai.

Abin da ke ci min rai kwanan nan masu kawo min hodar fenti ne. Ka yi oda iri ɗaya, lamba ɗaya, a kawo maka wani daban, a ido duk lemo ne, sai ka sa a ruwa ka ga tun a mita 4 ya suma. Na mayar da wani kaso gaba ɗaya, mutumin yana ta rantsuwa wai kala ɗaya ce, na tura masa bidiyon katakon nan, har yau bai ba ni amsa ba. Oda ta ɗan yi jinkiri saboda haka, waɗanda ke jira ku yi haƙuri, sabuwar hodar ta iso kuma ta ci gwajin. Mai son sabo ya turo min zurfin ruwansa, kalar ruwan, irin kifin da yake nema da lokacin da yake fita, in kuma duk da haka ya ce shi dai jan nan yake so, zan yi masa, amma da farin tumbi da baƙin layi a baya.