Yini guda a Gilasgo, kan sawun Belle and Sebastian

Da hantsi na hau jirgin ƙasa daga Edinbara, kafin awa ta cika mun shiga tashar Queen Street a Gilasgo, ana yayyafi. Abu ɗaya ya kawo ni: in taka unguwar da ta haifi Belle and Sebastian, mawaƙan da sanyin muryarsu ya ɗebe mini kewa a shekarata ta farko ta karatu a nan Scotland, lokacin da tunanin gida ke hana ni barci.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke ni a Hillhead, na kutsa Ashton Lane, wani lungu mai daɓen duwatsu. Nan Stuart Murdoch, jagoran mawaƙan, ya riƙa zama a gidan shan shayi yana laluben abokan kiɗa. Kowa da inda ya fito. Isobel Campbell ta tashi da celo, babban gogen Turawa, har ta karanci kiɗa a Jami'ar Strathclyde. Stevie Jackson ya riga ya goge a jita tare da ƙungiyar Moondials. Richard Colburn mai ganguna kuwa, gwanin sinuka ne, wasan buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, kafin nan. Stuart David sun haɗu da Murdoch ne a wani shirin horar da makaɗan da ba su da aikin yi.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban cocin Hyndland, ginin jan dutse. Murdoch ya koyi fiyano yana yaro, sai ciwon gajiya mai naci ya kwantar da shi kusan shekara 7. A cikin wannan jinya ya fara rubuta waƙa. Da ya sami sauƙi, ya zama mai kula da zauren cocin nan, yana kwana a wurin, yana kuma rerawa tare da mawaƙan cocin. Na tsaya cikin ruwa ina kallon tagogin, sai na gane dalilin da muryarsa ke fita a hankali, kamar ta mai gudun tada majinyaci.

A 1996 ɗaliban Kwalejin Stow suka buga musu faifansu na farko, Tigermilk, kwafi 1,000 kacal. Ban ƙarasa wurin kwalejin ba, duhu ya riga ni. Na sayi shayi mai zafi a Byres Road, na sa faifan a kunne, na nufi tasha da jiƙaƙƙen takalmi.