Mdou Moctar: wanne albam ne gaba, wanne ne baya

Duk inda aka zauna ana hirar Mdou Moctar sai ka ji an ce Afrique Victime, shi kenan an rufe magana, kamar dai mutumin nan bai taɓa riƙe jita ba sai a 2021. Ni ma albam ɗin nan ina sonshi sosai, amma gaskiya abin yana damuna, don wannan ƙungiyar ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso wurin kuma ta ci gaba bayan nan, kuma ba duk abin da suka fitar ba ne ya yi daidai da juna. Akwai wanda in na saka ba na iya tashi sai ya ƙare, akwai kuma wanda sau ɗaya na ji na ajiye.

Ga wanda bai sansu ba, Mdou Moctar sunan mutum ne kuma sunan ƙungiya ne. Mutumin shi ne Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ɗan Nijar, bahago, wanda jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke saboda a gidansu ba a yarda da kiɗa ba. Sai Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a kan ganga, da Ba'amurken cikinsu Mikey Coltun mai jitar bes wanda kuma shi ke haɗa musu sauti a situdiyo. A wuraren biki na Agadas da kewaye suka goge, kuma ni a wurina ma'aunin kenan: duk waƙar da na ji filin biki a cikinta, da tafi da amshi da gangar nan mai ƙara sauri a hankali har mutane su rasa inda za su sa kansu, to ta yi. Wadda kuma na ji an yi ta ne don a nuna ma Turawa cewa mutum ya iya gudu da yatsu a kan jita, nan take nake sanyi.

Bari in fara da Anar tunda shi ne na farko, kuma shi ne wanda mutane suka fi yi ma dariya. A Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, kuma kana sakawa za ka ji Sakkwato ɗin a ciki, muryar nan da kwamfuta ta murɗe, gangar inji, komai irin na waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokacin, sai dai da yaren Tamashek ake rerawa. Ba a ma fitar da shi a kasuwa ba lokacin, ta bulutut da memori ya riƙa yawo daga waya zuwa waya har ya karaɗe Sahara. A haka wani Ba'amurke Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds ya tsinci waƙar Tahoultine a wayoyin mutane ya saka ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones, daga baya ya bi sawu har ya gano mai waƙar. To in ana maganar kiɗan rok zalla, Anar ba ya cikin lissafi ma, jitar a ɓoye take, sautin siriri ne, waƙoƙin da yawa kuma sun yi kama da juna har ka rasa ta nawa kake ji. Amma ba zan taɓa kiranshi mafi rauni ba. Tahoultine kaɗai ta isa ta tsaya ma albam ɗin, akwai wani kewa a cikin muryar nan da ko injin bai iya ɓoyewa ba, kuma duk wanda ya tashi da waƙoƙin Kannywood a kunnensa zai ji abin ya taɓa shi ta wata hanya da Baturen Landan ba zai taɓa ji ba.

Afelan na 2013 a Cintabaraden aka ɗauke shi kai tsaye, rabi jitar lantarki a wurin taro rabi jitar katako a zaune. Ɗaukar ba ta da tsafta, sifika na kuka, amma a nan ne ka fara jin abin da zai zo. Waƙoƙin fim ɗinsu na 2015 kuwa, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka yi a Agadas a kan tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, suna da daɗi in kana kallon fim ɗin, in ka cire hoton kuma sai su rage ƙarfi. Ban cika komawa kansu ba.

Wanda nake ganin an zalunta shi ne Sousoume Tamachek na 2017. Kusan ba wanda ke ambatonsa. A Portland ta Amurka ya ɗauke shi shi kaɗai, shi ne jita shi ne amshi shi ne kiɗa, ba hayaniya ba gudu, kuma a nan ya sake rera Anar ba tare da injin murya ba sai ka ji ashe waƙar tun asali kyakkyawa ce. Wannan ne albam ɗin dare, lokacin da gari ya yi tsit an ɗora shayi. Aibinsa ɗaya, daga tsakiya zuwa ƙarshe komai na tafiya a kan taki ɗaya, in ba ka cikin natsuwa za ka iya jin ya yi maka tsawo duk da ba dogo ba ne.

Yanzu ga inda rigimar take. Ilana na 2019 da Afrique Victime na 2021, wanne ne gaba? Yawancin mutane za su ce na biyun, jaridun waje ma shi suka ɗaga sama, kuma shi ne na farko da suka yi da babban kamfanin Matador don haka ya fi shiga duniya. Ni dai Ilana nake ba, kuma zan faɗi dalili.

Ilana shi ne karon farko da suka shiga situdiyo a matsayin cikakkiyar ƙungiya, a Detroit, kuma kana ji ka san mutanen nan yunwar abin suke ji, ba su san ko za a sake ba su irin wannan damar ba don haka komai suka zuba. Kamane Tarhanin da ta buɗe albam ɗin a hankali take tasowa, amshi na zagayawa yana dawowa yana zagayawa, jitar na shigowa kaɗan kaɗan har sai ka farga ta cika ɗakin. Ba gaggawa. Sai Anna mai sauƙi mai daɗin bi, sai Wiwasharnine wadda ita kam biki ce tsantsa, ba yadda za ka yi ka zauna shiru. Ita kanta waƙar Ilana ɗin magana ce a kan yadda Faransa ta yi shekaru tana kwasar yuraniyom a ƙasarsu mutanen wurin kuma ba abin da suka samu, kuma abin da ya burge ni shi ne zafin maganar bai cinye waƙar ba, har yanzu waƙa ce da za ka iya rerawa. Amma sarauniyar ita ce Tarhatazed. Sama da minti 7, kuma wallahi ban san wata waƙar jita da aka yi a shekarun nan da ta kai ta ba. Rabin farko ganga da jita ta biyu sun kafa ƙasa sun riƙe ta gam, Ahmoudou ba ya motsawa daga inda yake ko kaɗan, shi ya sa da Mdou ya saki hannu a rabi na biyu yana bubbuga wayoyin da yatsu irin salon da ya gani wurin shahararren mai jitar rok Eddie Van Halen abin bai watse ba, yana da inda zai dawo ya sauka. Mutane suna yabon Mdou su manta da Ahmoudou, alhali in ka cire jitar nan ta biyu rabin daɗin ya tafi. Tumastin kuma ta rufe a sanyaye, daidai abin da kunne ke buƙata bayan wannan wutar.

Afrique Victime ya fi Ilana tsaftar sauti, wannan ba gardama, kuma waƙoƙinsa uku na sama sun kai duk inda ake kaiwa. Chismiten da ke magana a kan hassada tana farawa da ƙarfinta tana ƙara sauri har ƙarshe, Souleymane Ibrahim kamar zai fasa gangar. Tala Tannam waƙar soyayya ce da jitar katako, a wurina ita ce waƙa mafi taushi da suka taɓa yi, kuma na fi sonta a kan Taliat duk da Taliat ɗin ta fi suna. Sai babbar, Afrique Victime, wadda ya haɗa da Faransanci don saƙon ya wuce Sahara, yana kuka da halin da nahiyar ke ciki har yana ambaton Gaddafi, daga nan ganga ta ɗauki gudu jitar ta koma kamar jiniya. Duk lokacin da na ji ta tsigar jikina sai ta tashi. Layla ma tana da nata matsayin tunda gaisuwa ce ga Abdallah Oumbadougou, babban mai jitar Abzinawan Nijar da ya rasu a 2020 wanda Mdou ya tashi yana kallo. Matsalata da albam ɗin ita ce tsakiyarsa. Ya Habibti ba ta da laifi amma ba ta zuwa ko'ina, tafi ne da juyi ɗaya har ta ƙare, ɗan guntun nan marar suna shi ma cike gurbi ne kawai, Asdikte Akal kuma na ji irinta wadda ta fi ta a Ilana. Kenan a Afrique Victime ina tsallake waƙa biyu ko uku, a Ilana ba na tsallake komai, har ɗan gajeren Inizgam yana da aikin da yake yi. Shi ya sa na ce Ilana.

Funeral for Justice na watan Mayun 2024 kuwa na daɗe ina kokawa da shi. An gama ɗaukarsa tun kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Bazoum, amma da ya fito sai ya zama kamar don ranar aka yi shi, musamman Oh France da ke faɗa ma Faransa magana ba kwana kwana. Fushin gaske ne a ciki ba na talla ba, mutumin da ya san Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom a Nijar, ya san kuma garuruwan da ke kwana cikin duhu kusa da ramin yuraniyom ɗin da ya daɗe yana haska wata ƙasa yana da haƙƙin ya yi ihu. Imouhar tana cikin waƙoƙinsu biyar na sama a wurina, tana farawa can ƙasa ƙasa kamar daga tsohuwar rediyo sai kawai ta fashe, kuma kira ne ga Abzinawa su riƙe yarensu kar ya ɓace, abin da duk Bahaushen da ke ganin yaran birni suna kasa haɗa jimla ɗaya ba Turanci ko Faransanci zai fahimta. Takoba da Imajighen su ma sun yi. To amma albam ɗin gaba ɗaya kamar miyar da yaji ya yi ma yawa ne, cokalin farko daɗi, kafin ka kai rabin kwano harshe ya mutu ba ka ƙara jin ɗanɗanon komai. An cika sautin ya toshe ko'ina, jita a sama ganga a sama, ba wurin shan iska. Sabuwar Sousoume Tamacheq da suka mayar ta lantarki ita ta fi ba ni haushi, don na san yadda take a 2017, waƙa ce ta lallashi, a nan kuma an sa ta tsere. Tchinta ma har yau ba ta zauna mini ba.

Abin mamaki sai ga Tears of Injustice a watan Fabrairun 2025, waƙoƙin Funeral for Justice ɗin ne dai aka sake yi da jitar katako. Yadda aka yi shi ma labari ne, juyin mulki ya same su suna yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki ba halin komawa gida, iyalansu na can su suna nan, sai suka shiga situdiyo a Brooklyn suka zauna suka ɗauka. Kuma kana jin wannan damuwar a muryoyinsu. A nan Imouhar ta miƙe ta yi tsawo ta samu sarari, Oh France ta daina zama ihu ta koma kuka, kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin tagwayen nan Tears zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, duk da na san masu son ƙarar jita za su ce na yi sake.

Mafi rauni a duk abin da ke ɗauke da sunansu shi ne Afrique Refait na 2022, inda aka ba masu haɗa kiɗan kwamfuta daga ƙasashen Afirka daban daban waƙoƙin Afrique Victime su sake juya su. Niyyar mai kyau ce, an buɗe ma wasu matasa ƙofa duniya ta ji sunansu, kuma na girmama hakan, amma a mafi yawan waƙoƙin an cire ainihin abin da ya sa muke son ƙungiyar, wato mutum huɗu suna kallon juna suna ƙara wuta tare, aka bar gutsuren murya yana yawo a kan bugun inji. Anar ma inji ne amma akwai zuciyar mai waƙar a ciki, wannan kuwa babu.

A shekarar 2022 ɗin dai suka fitar da Niger EP kashi na 1 da na 2, ɗauke ɗauken da aka yi a gida Nijar a wuraren biki da zaman gwaji, kuma duk wanda ya gama da Ilana ina ba shi shawara ya wuce can kai tsaye kafin ma ya je Funeral for Justice. Sautin ba shi da kyan situdiyo, wani wurin ganga ta danne murya, wani wurin kana jin surutun jama'a, amma waƙoƙin suna miƙewa yadda suke so ba mai kallon agogo. Abin da nake jira daga wurinsu yanzu shi ne cikakken albam guda da za a ɗauka a filin biki a Agadas da kayan ɗauka masu kyau, a bar guɗar mata da tafin a ciki kar a goge komai.