Ka koma hawan keke, gida ya ɗauka ka karye

A Kano ko Zariya, magidancin da ke da mota idan aka gan shi a kan keke don motsa jiki da rage tumbi, tambayar farko ita ce: "Alhaji, ina motar? Lafiya dai ko?" A wurinmu tumbi shaidar samu ne, keke kuma abin hawan ɗan makaranta da mai tallan kaya. Tsokanar 'yan majalisa ba ta buƙatar amsa, da kanta take mutuwa idan suka saba ganinka. Maganar mutanen gida ce abin saurare, domin sau da yawa akwai gaskiya a cikinta.

Mahaifiya za ta ce ka rame. Kada ka yi mata gardama, domin rama ba dalili tana cikin alamomin ciwon sukari da tarin fuka, kuma ta ga irinta a dangi. Je ka auna sukari da hawan jini, ka kawo mata sakamakon. Ka riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako. Raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya ita ce daidai, idan ta zarce haka alhali kana cin abinci sosai, ga likita.

Rigimar da ta fi zafi a kan kwano take. Uwargida ta yi tuƙi tun la'asar, ka ce ba ka cin tuwo, ai ka ci fuskarta. Ci malmala ɗaya maimakon biyu, a ƙara maka miyar kuka ko ta zogale. Gishiri kuwa a hankali ake rage shi: inda ake jefa dunƙule huɗu a koma uku na makonni, sannan biyu, a cike da daddawa. Idan aka zare lokaci guda, yara ne za su fara bore. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen. A wurin biki kuma kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. Karɓa ka yi godiya, ka ajiye, ka nemi ruwa.

Akwai kuma maganar da abokai ke yi ƙasa-ƙasa, wai sirdi yana kashe ƙarfin maza. Abin da ke faruwa shi ne sirdin da bakinsa ya ɗaga sama yana danne jijiyoyin da ke tsakanin cinyoyi, wurin ya yi sanyi kamar ba naka ba. Mai gyaran keke zai daidaita shi ya kwanta sosai. Tsayinsa kuma, idan ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Duk bayan minti goma ka ɗan tashi daga sirdin.

Tsoron haɗari shi ne wanda iyali suka fi gaskiya a kai. Sa hular kwano, ka duba birki kafin fita, ka ɗaure ƙafar wando ta dama don kada sarƙa ta kama, babbar riga kuwa a bar ta a gida. Fita bayan asuba da gari ya ɗan waye, kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi, da fitila gaba da baya, musamman lokacin hazo. Minti 30 sau biyar a mako ya cika minti 150 na motsa jiki da ake so babba ya samu a mako. Ka kuma faɗa wa uwargida hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka.