Fassarar takardar asibiti sai da gwani

Mafi yawan aikin da ke shigowa ofishina a nan Maraɗi takardun asibiti ne. Ɗan kabu-kabu ya faɗi, likita ya rubuta bayanin raunin da Faransanci, dangi kuma sun yanke shawarar bi da shi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina ko Kano, inda likitoci ke karatu da Ingilishi. A nan muke shigowa.

Wurin da ake gane gwani ƙanƙane ne. Bahaushe ya ce rauni a ƙafa, yanka a hannu, ciwo a ƙirji, "a" ɗaya ta ishe shi. Bafaranshe ma "à" ɗinsa ta wadatar, ko ta koma "au". Ingilishi kuwa sai ya raba. Abin da ya tsaya bisa fata, yanka ko ƙuna ko ƙujewa, "on" yake ɗauka: "a cut on the hand". Abin da ya shige ciki, harsashi ko wuƙa ko ciwon da ake ji can ciki, "in" ne: "shot in the leg", "pain in the chest". In kuma kalmar "injury" ko "blow" ta zo gaba, sai "to": "an injury to the knee". Karaya sau da yawa ba ta neman ko ɗaya, "he broke his arm" ya gama magana.

Maigidan da ya koya mini, wani dattijo da ya daɗe yana tafinta a Kano, ba ya bari in taɓa na'urar buga rubutu sai na nuna masa wurin raunin a jikina. Ya kan ce, "Yaro, bisa fata ko cikin nama?" Har yau haka nake tambayar yarana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu buɗe shago da kwamfuta ɗaya suna kiran kansu masu fassara. Duk inda suka ga "à" sai su dasa "at", su karɓi rabin kuɗin da nake karɓa. Sannan mai takarda ya zo yana cewa, "Haba Malam, can jika guda suka ce." To Alhaji, ai ga takardar can ɗin ka dawo da ita in gyara.

Kowace takarda sai na karanta ta sau biyu, kuma in hannun likita bai karantu ba, nakan tura yaro ya tambayo kafin in buga hatimi.