Kwana Goma a Maroko da Hajiya da Yara

Tun watan Fabrairu na fara lissafin tafiyar nan, bayan na yi shekara uku ina tara kuɗinta kaɗan-kaɗan. Mu shida ne: ni da mai ɗakina, da yaranmu uku, babban yana da shekara 14, mai bi masa 9, autarmu 4, sai Hajiya mahaifiyata wadda ta haura 70. In ka cire aikin Hajji da Hajiya ta yi da Umara ɗaya da na je, babu wanda ya taɓa barin ƙasar nan a cikinmu. Maroko kuwa saboda Hajiya na zaɓe ta. Tun ina yaro nake jin ta bayan ta idar da wazifa tana cewa in Allah ya ara mata kwana tana so ta ga Fas, ta ziyarci Shehu Ahmadu Tijjani. Ba ta taɓa roƙona ba, faɗa kawai take yi.

Da na zauna da taswira sai zuciya ta fara kwaɗayi. Na ce tunda an biya kuɗin jirgin mutum shida, ai a ga ƙasar da kyau. Na rubuta garuruwa biyar a kwana goma: Kasablanka biyu, Rabat ɗaya, Tanja biyu, Fas biyu, Marakish uku. A takarda abin ya tsaru, domin jirgin ƙasa ya haɗa su duka, kuma tsakanin Kasablanka da Tanja akwai Al Boraq, jirgin ƙasa mai gudun da aka buɗe a 2018, wanda yake kai kilomita 320 a awa. Babban ɗana ya kalli bidiyonsa ya fi sau ashirin. Mai ɗakina ta duba takardar ta ce, "Baban yara, wannan ai na samari ne. Hajiya fa?" Na ce mata ai a zaune za a yi tafiyar. Ta yi shiru, ni kuma na ci gaba da kama masauki.

Takardu sun ci lokaci fiye da yadda na zata. Fasfon yara uku sabo, nawa kuma saura wata biyar ya ƙare, dole na sabunta shi. Sai katin rigakafin shawara na kowa da kowa, sai neman biza a Abuja, da bayanin asusun banki da takardar haihuwar yara da shaidar masauki da tikitin dawowa. Wanda zai tafi a watan Yuli ko Agusta ya fara wannan tun da sauran watanni in da hali. Kuɗi kuwa dala na canza a Kano na riƙe, domin dirhamin Maroko ba a cika samunsa a wajen ƙasar ba. Lokacin da muka je, dala ɗaya a can tana ba ka wajen dirhami goma ko ƙasa kaɗan, abin da ya sauƙaƙa mini lissafi a kasuwa.

Akwai abin da ban yi tunaninsa ba sam. Dogon hutun yaranmu yana faɗowa ne a tsakiyar damina. Mun bar Kano garin a lumshe, ana yayyafi, Hajiya har da rigar sanyi a jaka. A Maroko kuwa wannan shi ne tsakar zafinsu, babu ɗigon ruwa. Kasablanka da Rabat suna bakin teku, iska tana kaɗawa, ba ka ji sosai. Fas da Marakish suna can cikin ƙasa, kuma a Marakish zafin yakan wuce digiri 40. Ranar ma doguwa ce. A lokacin agogonmu ɗaya da nasu, amma magariba sai wajen takwas da rabi, isha kuma ta doshi goma. Autarmu da ta saba barci bayan isha sai ta rikice, kwana uku ba ta daidaita ba.

Daga Legas muka tashi cikin dare, awa huɗu da wani abu muka sauka. A ƙarƙashin filin jirgin akwai tashar jirgin ƙasa da yake kai mutum cikin gari, wannan ya yi mana daɗi. Da muka fito tashar Casa Voyageurs ne muka gamu da darasin farko. Ƙananan tasin cikin gari, jajaye a Kasablanka, ba sa ɗaukar fiye da mutum uku, ko da na huɗun a cinya zai zauna. Doka ce, direba ba zai saurari magiya ba. Don haka duk inda za mu, mota biyu: ni da Hajiya da ta tsakiya a ɗaya, mai ɗakina da sauran biyun a ɗaya. Ita ba ta jin Faransanci, Larabcinsu na Darija kuma ko ni da na yi Islamiyya da ƙyar nake tsintar kalma. Tun daga ranar na sayi layin waya biyu, na kuma rubuta sunan masauki da lambar mai shi a takarda na sa a aljihun kowane yaro.

Masallacin Sarki Hassan na Biyu shi ne abin da muka je gani a Kasablanka, kuma ya isa. An kammala shi a 1993, wani sashensa a kan teku yake, hasumiyarsa mita 210. Hajiya ta daɗe a tsaye tana kallon igiyar ruwa tana dukan gindin ginin, tana ta tasbihi. Ba ta taɓa tsayawa kusa da teku haka ba.

A Rabat abin ya fara warwarewa. Tafiyar awa ɗaya ce kacal a jirgin ƙasa, shi ya sa na ba ta kwana ɗaya. Abin da ban lissafa ba shi ne abin da yake gaban awa ɗayan da bayanta. A tashi yara, a yi musu wanka, a tattara kaya cikin akwati huɗu, a bar ɗaki kafin sha biyu, a nemi tasi biyu, a sauke kaya, a hau matakala, a jira. In an isa kuma ɗaki bai shirya ba sai wajen ƙarfe uku. Mun ga Hasumiyar Hassan da la'asar, wadda Sarki Yakubu Almansur ya fara a ƙarshen ƙarni na 12 ya rasu bai gama ba, ta tsaya a mita 44, ginshiƙan masallacin suna nan jere a fili babu rufi. Wuri ne mai kyau, amma rabin hankalina yana kan jirgin gobe. Da dare na shiga gaida Hajiya na tarar ta miƙe ƙafafu a kan matashi, sun kumbura har zoben azurfar yatsan ƙafarta ya nutse. Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Kai da ka kashe kuɗinka, ina zan tsayar da kai? Saura kwana nawa mu isa Fas?" Na ce uku. Ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Wannan "Allah ya kai mu" ita ta hana ni barci. Matar da aka yi tafiyar dominta na ba garinta kwana biyu, kuma na sa shi a na huɗu, bayan na gama gajiyar da ita. Mai ɗakina ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, ta dai ce a soke Tanja. Masaukin Tanja irin mai rahusar nan ne da ba a mayar da kuɗi, na zaɓe shi ne don ragin da bai kai ya kawo ba, kuɗin ɗaki biyu na kwana biyu suka tafi. Babban ɗana ya ji zafin rasa Al Boraq, har ya juya baya yana share ido. Na zaunar da shi na nuna masa ƙafar kakarsa. Bai sake magana ba, da safe shi ya ɗauki jakarta.

Jirgin Fas na sayi tikitin aji na ɗaya, kuma wannan kuɗi ne da ban yi nadamarsa ba. Ɗakunan aji na ɗaya kujera shida ne, daidai mu, muka ja ƙofa, Hajiya ta ɗora ƙafa a kan akwati, yara suka yi barci. Wajen awa uku muka isa.

Tsohon birnin Fas mota ba ta shiga. Tasi zai ajiye ka a ƙofar gari, daga nan sai ƙafa, kaya kuma masu kura suke turawa. Lungunan sun fi na cikin birnin Kano matsi, wasu in ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bango da bango, ga hawa ga gangara. In ka ji an ce "Balak!" to ka manne da bango, alfadari ne tafe da kaya. Masaukinmu irin gidajen da suke kira riyad ne, daga waje ƙofa ce kawai a bango, a ciki kuwa tsakar gida ce da famfon ruwa da ɗakuna kewaye. Hajiya ta ce wannan ai gidan mutane ne, ta saki jiki nan take. Sai dai ɗakunan da na kama a hawa na biyu suke, matakalar kuma a tsaye take, kowace taka kusan gwiwa. A hoto ba a nuna matakala. Allah ya sa akwai ɗaki ɗaya a ƙasa da baƙonsa ya tashi ran nan, mai gidan ya ba Hajiya, ya kuma ƙara mana kwana biyun da muka nema. Tun daga nan kafin na kama ɗaki sai na tambaya: a ƙasa yake ko a sama, akwai na'urar sanyaya ɗaki, kuma taku nawa ne daga inda mota take tsayawa.

Ranar farko ba mu je ko'ina ba. Hajiya ta huta, mai ɗakina ta yi wanki, yara suka yi wasa da kyanwar gidan. A da da na ɗauki wannan a matsayin asarar rana.

Washegari Juma'a ce. Muka yi salla a Masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima Alfihriyya ta kafa a 859, kuma har yau ana karatu da sunansa. Muka dawo muka ci kuskus, domin shi ne abincin Juma'a a gidajensu. Da la'asar muka nufi zawiyar Shehu, a hankali, Hajiya tana dafa kafaɗar jikanta, muna tsayawa duk inda ta ga dakali. Shehu Tijjani haifaffen Ainu Madi ne a Aljeriya, a Fas ya zauna ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu a 1815, kabarinsa yana cikin zawiyar. Kafin ka kai ƙofa za ka fara ganin fuskoki irin namu, 'yan Senegal da manyan riguna, 'yan Mali, har wani dattijo daga Damagaram da ya ji muna Hausa ya tsaya muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. A bakin ƙofa Hajiya ta cire takalmi ta tsaya. Na zaci ƙafar ce. Da na duba sai na ga leɓenta yana rawa, ta riƙe carbi da hannu biyu a ƙirji. Mai ɗakina ta kama ta suka shiga ɓangaren mata. Muka zauna aka yi zikirin Juma'a har rana ta faɗi. Da suka fito idonta ya yi ja, ta kama hannuna ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa naka su yi maka fiye da haka." Sau uku ta sake komawa kafin mu bar garin, da asuba, lokacin babu cunkoso. Da na bi takardata ta farko, sau ɗaya za ta je, a gurguje, da kumburarriyar ƙafa.

Yara ma a Fas suka fi jin daɗi, domin sun kwana huɗu a wuri ɗaya har sun gane hanya, mai burodin lungu ya san su. Na kai su majemar Shuwara, inda ake hawa saman shagunan masu fata a leƙa ramukan jima da rini, a miƙa maka ganyen na'ana'a ka sa a hanci saboda wari. Ta tsakiya ta ce, "Baba, kamar marinar Ƙofar Mata!" Na ba su labarin yadda fatar jar akuyar Sakkwato da ake jemewa a ƙasar Hausa take ƙetare Sahara a kan raƙuma, ta isa Turai a sayar da ita da sunan fatar Maroko. Babban ya yi ta jujjuya wata jaka yana shinshinawa, ya ce ta Kurmi ta fi laushi.

Marakish mun je, amma da sabon tsari. Tafiyar daga Fas ta kusa awa bakwai, don haka na ɗauke ta a matsayin aikin yini guda, muka yi guzurin burodi da dafaffen ƙwai da ruwa mai yawa. A can ba ma fita daga hantsi sai bayan la'asar. Da yamma mu je dandalin Jami'ul Fana, kusa da hasumiyar Kutubiyya, yara su sha lemon da ake matsewa a gabansu. A dandalin nan duk wanda ka ɗauki hotonsa, ko ya ɗora wa yaronka biri a kafaɗa, kuɗi zai nema, saboda haka a yi ciniki tukuna, a kuma riƙe hannun ƙananan yara gam. Hajiya sau ɗaya ta fita, ta ce hayaniyar ta yi mata yawa, ta zauna a masauki da carbinta, ba mu matsa mata ba.

Kuɗin da ya fi ba ni mamaki ba na manyan abubuwa ba ne. Tasi biyu-biyu, ruwan gora na mutum shida a wannan zafi, ladan masu kura, harajin kwana da ake karɓa a masauki kan kowane kai, su suka cinye abin da na ware don tsaraba. Sai da na taɓa dala 300 da mai ɗakina ta dage a ajiye gefe tun a gida.

Daren ƙarshe muka koma Kasablanka muka kwana kusa da filin jirgi. Babban ɗana ya ga Al Boraq a tsaye a tashar Casa Voyageurs, ya roƙi minti biyu, ya je ya tsaya kusa da hancinsa na ɗauke shi hoto. Na yi masa alkawarin in Allah ya hore za mu dawo mu hau, Kasablanka da Tanja kawai. Hajiya da take zaune a kan akwati ta ji mu, ta ce in za a dawo a ajiye ta a Fas, a ɗauke ta a kan hanyar komawa.