Santsi daban, jure gogayya daban

A aikin gwajin robobin da ake yin giyar inji da boris da bushi (zoben da sandar inji ke juyawa a cikinsa) da su, darasin da ya fi zauna mini a kai shi ne cewa robar da ta fi santsi ba lalle ita ce ta fi daɗewa ba. Wanda bai taɓa tsayawa gaban injin gwaji ba zai ɗauka abu guda ne.

A ɗauki PTFE, wadda aka fi sani da Teflon. Roy Plunkett ne ya gano ta a 1938 a kamfanin DuPont, kuma da wuya a samu daskararren abu da ya kai ta santsi. Amma in aka bar ta ita kaɗai tana gogar ƙarfe, cinyewa take yi da sauri, tana zubar da ɓarɓashi. Likitan ƙashin nan na Ingila, John Charnley, ya yi amfani da ita wajen yin mahaɗar ƙugu ta roba, saboda santsinta. Cikin 'yan shekaru ta zaizaye a jikin marasa lafiya, ɓarɓashinta ya haddasa kumburi. A 1962 ya koma ga wani nau'in robar foliyetilin mai dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari, wanda bai kai PTFE santsi ba amma ya fi ta juriya nesa ba kusa ba.

Shi ya sa ake gauraya. A zuba PTFE kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a wasu robobin, irin su nailan ko asital ko PEEK, sai gogayyar ta ragu, cinyewar ma ta ragu. Dalilin ya daɗe yana burge ni. Da an fara gogayya, robar takan shafa wani siririn rufi a fuskar ƙarfen, daga nan kuma roba ce ke gogar roba. In rufin ya kwanta sumul ya manne, kayan zai daɗe. In yana ɓanɓarewa yana sake kwanciya, kowace ɓanɓara daga jikin robar take fita. Don haka in an gama gwaji, ƙarfen nake fara dubawa kafin na auna nauyin robar da ta rage. Shi ma ƙarfen, in ya cika kaushi zai kankare robar, in kuma an goge shi har ya zarce kima, rufin ba zai sami wurin kamawa ba.

Sai dai ba a samun wannan kyauta. PTFE ba ta son mannewa da komai, saboda haka ƙarfin gaurayen yakan ragu. Masu ƙira sai su ƙara zaren gilashi don dawo da ƙarfin, shi kuma zaren gilashin ya riƙa cin ƙarfen da ke gabansa kamar sanfefa, balle in alminiyan ne. Zaren kabon ya fi sauƙi ga ƙarfe, amma ya fi tsada.

Yawancin robobi ma ba sa narkewa cikin juna. Nailan da folifurofilin in aka haɗa su kai tsaye, ɗaya takan zauna gudaji-gudaji a cikin ɗayar, kuma ta wannan iyaka tsagewa ke farawa. Sai an sa sinadarin da zai ƙulla su.

Lambar santsi ko ta cinyewa da ke takardar mai sayar da robar kuwa, ina karanta ta tare da tambayar yadda aka samo ta. Da wane nauyi, da wane gudu, a wane zafi? Roba ba ta fitar da zafi kamar ƙarfe, don haka in nauyi da gudu suka haura iyaka, fuskarta takan yi laushi, cinyewar ta haura lokaci guda. PEEK sai ta kai digiri 343 a ma'aunin Celsius take narkewa, asital kuwa ba ta kai 180 ba. Nailan kuma tana shan laima daga iska, ta ɗan kumbura, taurinta ya ragu, ta yadda bushin da ya zauna daidai a ɗakin gwaji mai bushewa zai iya matse sandar da ke juyawa cikinsa a wuri mai danshi.