Maganin Asma da Ake Ba Yaro Yana Lafiya Lau

Kuskuren da ya fi yawa a gidan da ke da yaro mai asma shi ne, tari na lafawa sai a jefa maganin kariya a durowa. Alhali hanyoyin iska a huhunsa a kumbure suke ko yana guje-guje a tsakar gida. Kumburin nan ne ke sa ƙurar hunturu, hayaƙin itace, turaren wuta ko maganin sauro na kunnawa su tashe shi tsakar dare yana haki.

Inhela, wato maganin asma da ake fesawa a shaƙa ta baki, iri biyu ce. Shuɗiyar, wato salbutamol da aka fi sani da Ventolin, cikin 'yan mintuna take buɗe ƙirji, amma ba ruwanta da kumburin. Ta kariya, beclometasone ko budesonide, ita ke kwantar da shi. Safe da dare ake shaƙarta, kullum, kuma sai an yi mako ɗaya ko biyu kafin a fara ganin canji. Shi ya sa yaron da hunturu ke wahalarwa, tun kafin ƙura ta sauka ya kamata a kai shi wurin likita.

Idan aka fesa kai tsaye a bakin yaro, yawancin maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Dole a haɗa da sifesa, 'yar robar da ke tare feshin kafin a shaƙa. Inda ba a samu ba, gorar ruwa mai mililita 500 tana yi, an gwada ta a kan yara a Afirka ta Kudu. A huda gindinta daidai bakin inhela, a cusa yadda iska ba za ta zurare ba, yaro ya kama bakin gorar da leɓensa. A girgiza inhela, a danna sau ɗaya tak, ya ja numfashi biyar ko shida. In an rubuta feshi biyu, a sake girgizawa a maimaita. Yaro ƙarami sai da abin rufe hanci da baki.

Bayan an gama ya kurkure baki ya tofar, don kada fararen ƙuraje su fito masa a harshe ko murya ta dishe. Sifesar kuwa a wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta, domin gogewa da tsumma na sa maganin ya manne a jikinta.

A riƙa lissafi. Gwangwani mai feshi 200, in ana yin biyu safe biyu dare, kwana 50 ya ƙare, ko da yana ci gaba da huci. A rubuta ranar buɗewa a jikinsa.

Iyaye kan tsorata da jin cewa maganin kariyar sitiroyid ne, wato irin magungunan da ke kwantar da kumburi. Wanda ake shaƙa ɗan kaɗan ne, huhu yake zuwa. Abin tsoron shi ne ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone da ake ta saya a kemis ba takardar likita. In yaro na neman shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko tari na hana shi barci, a koma asibiti da inhelar da sifesar a hannu, a nuna yadda ake shaƙa masa.